Ɗan Littafin Jirgi da Sallamar da Ban Yi Ba

Agege, Legas

Zuwa ga ɗiyata Balkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Innarki da duk wanda takardar nan ta iske a gida. Allah ya sa ta same ku lafiya, ya tsare ku a ɗaki da waje, ya tsare garin Anka da mutanensa, na gona da na kasuwa da masu bin hanya. Ni lafiyata lau, sai gwiwa, ita kuwa tsohuwar abokiya ce.

Ba zan cika ki da labarin Legas ba, babu abin da ya sake. Mai kawo miki takardar direban motar shanu ne, ɗan Gummi, zai tashi gobe da safe, ya ce in Allah ya yarda ranar Laraba tana hannunki. Ke kuma Asabar za ki hau mota zuwa Sakkwato, makarantar koyon aikin lafiya. Kin ga akwai 'yan kwanaki a tsakani, kuma saboda su na ari biro na zauna.

Shekaranjiya a waya kika ce mini, "Baba, kowa zan yi wa sallama, amma ban da Baffa Lawali. Mutumin da ya kore ka daga gari, mi zan ce mishi?" Na yi shiru, kika yi ta "Baba, Baba," kina zaton layi ne ya yanke. Ba layi ba ne, bakina ne ya ƙi buɗewa. To ga amsar a rubuce: ki je. Kada ki taka motar nan sai kin durƙusa gaban yayana kin yi masa sallama. Zan gaya miki dalili, amma sai kin yi haƙuri da ni, don dalilin ya faro ne daga wani ɗan littafi da ba ki taɓa gani ba.

Ina aji huɗu a firamare malaminmu, wani siririn mutum ɗan Bukkuyum, ya ba ni shi saboda na fi kowa iya karatu a ajin. Ba shi da bango, shafin farko ya yage, har yau ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta shi ba. Shafi goma sha wani abu ne, kowanne da hoto ɗaya da layi biyu ko uku na Hausa a ƙasa. Farkonsa yadda tsuntsu ke tashi, sauran yadda jirgin sama ke tashi. Iyakarsa ke nan. A zamanin, jirgi sai dai mu ji ƙararsa can sama muna kiwon awaki, mu ɗaga kai mu ga farin layi, mu yi ta ihu a gaishe mana da mutanen Makka. Sai ga shi a hannuna, da tayoyinsa da tagoginsa, har da mutum a ciki. Gara ta cinye littafin tun kafin in auri Innarki. Amma na karanta shi har na haddace, kuma duk wautar da na yi a duniya, in na waiwaya sai in tarar akwai shafin da ya riga ya gaya mini, ni ne ban ji ba.

Kuskurena na farko da shi, hotuna na karanta na bar rubutu. Na ga hoton wani mutum ɗaure da fukafukai a hannu, sai na samo karan dawa da tsohon buhu da igiyar rama, na yi kwana biyu ina ɗinki a bayan gida. Rana ta uku na hau kan rumbun kakanki. Baffanki na zaune a ƙasa yana ɓarar gyaɗa, ya ɗaga kai ya dube ni.

"Sambo, ina zaka?"

Na ce, "Makka."

Ya ce, "To madalla. Ka sawo man dabino."

Na diro. A cikin garken awaki na sauka, wuyan hannuna na hagu ya karye. Shi ya goya ni har gidan mai ɗori, yana tafe yana dariya har yana tuntuɓe, yana cewa, "Sannu da sauka, Alhaji. Ya ka baro su?" Shekara guda cur da sunan yake kirana. Sai da hannu ke ɗaure da kara, ba kiwo ba wasa, sannan na zauna na karanta rubutun da ke ƙarƙashin hoton nan da na kwaikwaya. Ashe cewa yake mutanen da suka gwada haka duk faɗowa suka yi, don ƙashin tsuntsu holoƙo ne marar nauyi, ƙirjinsa kuma duk tsoka ne, hannun mutum ba zai taɓa ɗaga shi ba. Yana nan a rubuce, tazararsa da hoton ba ta kai faɗin yatsa ba.

Balki, aikin da za ki koya aikin ƙananan rubutu ne. Abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani da ƙananan baƙaƙe, shi ne aikin, ba farar riga ba. Za ki ga 'yan ajinku da suka iya tsayuwa irin ta ma'aikatan asibiti tun makon farko, suka iya riƙe allura a hoto. Ki bar su da hoton. Ke ki karanta shafin da kowa ya tsallake, in ba ki gane ba ki ɗaga hannu ki tambaya, ko da an yi miki dariya. Dariyar aji ba ta karya hannu.

Akwai wani shafi da na yi wa malamin gardama a kansa. An ce jirgi in zai tashi, iska yake fuskanta, ba ya juya mata baya. Na ce, "Malam, wanga kuskure ne. Ai in iska na tura ka ta baya ka fi sauri." Ya ce sauri daban, tashi daban, in zauna. Na zauna, amma ban yarda ba. Sai da na zo nan na yarda. Wurin da nake gadi, wani ɗakin ajiyar kaya ne a ƙarƙashin hanyar jirage, ban taɓa shiga jirgi ba amma babu irin jirgin da ban ga ƙarƙashinsa ba. Ina duban tutar da ke bakin ƙofa, ina duban inda suke sa hanci. Malam ya yi gaskiya.

Shekarar da zinari ya buɗe a wajen Bagega, iska ce ta taso ta baya, kuma ni na miƙa mata bayana. Ina da ɗan shagon gyaran rediyo a bakin kasuwar Anka, ina da rabona a gonar kakanki. Ba wadata ba ce, amma muna cin tuwo sau biyu. Sai na ga yaran da nake gyara wa rediyo suna wucewa a kan sababbin babura, suna ɗaga mini hannu. Kowa ka gamu da shi sai ya ce, "Malam Sambo, har yanzu kana nan kana hura wa rediyo iska?" Na rufe shago, na kwashe ku, ke da Innarki da ƙaninki Aminu yana goye, muka koma ƙauye kusa da rami. Ba na zagin waɗanda suka tafi. Da yawansu yunwa ce ta kai su, kuma wanda bai taɓa kwana da ita ba bai isa ya yi musu wa'azi ba. Ni ba yunwa ta kai ni ba. Kunyar a bar ni a baya ce.

Don haka duk abin da kika ga kowa na tura ki gare shi, ya zo da sauƙi, ba mai ce miki tsaya, to ke ki ce wa kanki tsaya. Malamar da ta fi kowa tsananta miki, wadda ke mayar miki da aiki tana cewa sake, kada ki guje ta. A gabanta za ki tashi.

Yanzu na iso wurin da na daɗe ina kewayewa. Ki gyara zama.

A tsakiyar littafin akwai hoton matuƙi yana zagaya jirginsa da ƙafa kafin ya shiga, yana taɓa taya, yana leƙa ƙarƙashin fiffike. Ina yaro ba na son shafin, don ba a tashi a cikinsa. Mutum ne kawai a durƙushe yana duba abin da ya riga ya duba jiya.

A ƙauyen nan ba ma barin dutsen zinari a bakin rami, saboda ɓarayi, kuma layin injin niƙa ya yi tsawo. Sai kowa ya riƙa kawo nasa gida a buhu. Mata su daka a turmi, a shanya garin a tabarma a tsakar gida, a wanke a kwano. Turmin da Innarki ke daka gero da safe, shi take daka dutse da rana. Tabarmar da ake shanya garin dutse, a gefenta Aminu ke rarrafe, yana sa hannu a ƙasa yana kaiwa baki kamar kowane yaro. Gida-gida haka ake yi, ba wanda ya ga abin mamaki.

Wata ranar kasuwa Baffanki ya zo duba mu. Innarki ta dama masa fura. Ya kai ludayi biyu, ya tsaya, ya tauna wani abu a haƙori, ya tofar. Ya dubi turmin da ke jingine, bakin turmin ya yi fari-fari da ƙura.

"Sambo, wanga turmi na hatsi ne ko na dutse?"

Na ce, "Duka biyu, Yaya. Ana wankewa."

Ya ce, "Fidda dutsen ga daga gidan ga. Ban san mi ke cikinai ba, amma abin da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa ba a gama shi da abincin yara."

Da na yi shiru ma da ya fi. Dariya na yi, a gaban Innarki, na ce, "Yaya, kai da ko aji ɗaya ba ka ƙare ba, mi ka sani ga dutse?"

Ya ajiye ƙwaryar a hankali, bai shanye ba. Ya sa takalmansa ya hau babur ya tafi. Ki sani, dalilin da ya sa bai ƙare aji ɗaya ba, kakanki ne ya cire shi ya kai shi gona don ni in zauna a makaranta. Da wannan na zage shi.

Ba a yi wata uku ba Aminu ya fara amai da zafin jiki, sai jijjiga. Muka ce iska ce, muka ce shawara ce, muka yi hayaƙi, muka yi rubutu. Ranar da ya cika bai kai shekara biyu da rabi ba. Daga baya likitoci suka zo daga nesa suka ɗebi jinin yara, suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen, aka zo aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe. Don in yi wa kaina adalci, a lokacin da muke dakan nan babu wanda ya san da dalma a ƙauyen, ba ni ba, ba mai gari ba, ba Baffanki ba. Kuma ba gidanmu kaɗai aka yi makoki ba. Amma sauran gidajen ban san ko an gaya musu ba. Ni an gaya mini, a tsakar gidana, da rana tsaka. Abin da ake nema gare ni kawai in tashi in zagaya gidan da ƙafata, in durƙusa in duba inda ɗana ke sa hannu. Ban yi ba, don wanda ya ce in duba bai iya karatu ba.

Ɗiyata, za ki dawo da ilimin da babu mai shi a danginmu. Wata rana wata tsohuwa za ta zo miki da jikanta, ta ce yaron nan ba daidai yake ba, ke kuma kin auna kin ga komai daidai. Kada ki rufe mata baki da takardarki. Ki tashi ki sake dubawa. Ita ta kwana da yaron, ba ke ba.

Ranar sadakar uku muna zaune a zaure, da kakanninki na Gummi da maƙwabta, wani dattijo ya dafa ni ya ce, "Haƙuri, Sambo, ƙaddara ce." Sai Baffanki ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "Ƙaddara ce. Amma na faɗa mishi." Ya tashi ya shiga cikin gida, ya fito da turmin nan, ya sa gatari ya raba shi biyu a ƙofar gida, a gaban surukaina. Sannan ya ce Innarki ta haɗa kayanta da naki, Anka za ku koma ƙarƙashin idonsa.

Wannan shi ne korar da aka ba ki labari. Bai ce in bar gari ba. Bai ce kada in biyo ku ba. Ko kalma ɗaya makamanciyar haka bai furta ba. Ni na kori kaina.

Ba zan yi miki ƙarya in ce zuciyata ta yi fari a kansa ba. Har gobe ina cewa ba ranar ce ta dace ba, ba wurin ne ya dace ba. Kabarin ɗana bai bushe ba, surukaina na zaune, ya tsiraita ni. Yana iya jira su tafi, ya ja ni bayan gida ya mare ni ma, da na ɗauka. Shekara goma sha huɗu ina tauna wannan a bakin ƙofar mutane, ina buɗe wa motoci ƙofa ina rufewa. Baffanki mutum ne mai kaushin baki, bai iya lallashi ba, kuma bai taɓa koyo ba. Amma kaushin baki daban, ƙarya daban. Abin da ya faɗa gaskiya ne.

Ga wani abin kuma da ba a gaya miki ba, don Innarki na rufa mini asiri. Kin taɓa ce mini kina tuna lokacin da kike kwance ana ba ki maganin gubar nan, kina tuna wani mutum yana miƙo miki ƙosai ta taga kowace safiya, kika ce, "Baba, har yanzu ina jin ƙanshinsa." Na ce miki Allah sarki, na sauya magana. Ba ni ba ne, Balki. A lokacin ina kan buhunan albasa a bayan wata mota, na wuce Kontagora. Wanda ya ɗauke ki a babur ya kai ki wurin likitocin, wanda ya bar gonarsa a tsakiyar damina yana zuwa tagar nan kullum, Baffa Lawali ne. Hatsin da ke shigowa gidanku duk kaka, kin san daga rumbun wa yake fitowa.

Shafin da na fi so ki riƙe yana kusa da ƙarshen littafin. Hoton wani dogon gini ne mai tagogi ta ko'ina, da mutum a samansa riƙe da abin magana. Lokacin muna yara nakan kai wa Baffanki abinci gona, in ya zauna hutawa a gindin kaɗanya in karanta masa littafin, tunda shi ba ya iyawa. Da muka zo shafin nan ya sa yatsa a kan mutumin.

"Wanga shi ba ya tashi?"

Na ce, "A'a, shi kullum yana ƙasa."

"To mi ne amfaninai?"

Na karanta masa abin da ke ƙasa. Matuƙi ba ya barin ƙasa sai ya gaya wa mutumin nan inda ya nufa, ya ba shi izini. In zai sauka, shi ke share masa wuri. In jirgi ya ɓace a hanya, shi ke fara sani, shi ke tayar da masu nema.

Ya dubi hoton, sannan ya ce, "Ashe dai da aikina a littafin naku." Ya miƙe ya ɗauki fartanyarsa.

Ni da na karanta masa shafin da bakina, ni ne na tashi ban gaya masa ba. Bayan sadakar bakwai, da sassafe, na fita kamar za ni masallaci, na wuce tasha. Ban yi wa Baffanki sallama ba, ban yi wa Innata ba, wato kakarki, wadda ta haife ni. A hanya na cire layin wayata na jefa a daji, ina jin kamar na yi wani abin jarumta. Na ce su ma su ɗanɗana.

Shekara uku babu wanda ya san inda nake. Baffanki ya aika Gusau, ya aika Kaduna, ya bi ramukan zinari har jihar Neja yana tambaya ko an ga wani mai karyayyen wuyan hannu. Duk baƙon da ya sauka Anka daga kudu, kakarki sai ta aika a tambaye shi. Da ciwonta ya yi tsanani ta ce a kira mata Sambo, ba inda za a kira. Labarin rasuwarta a kasuwa na ji shi, a nan Legas, a bakin wani mai albasa ɗan garinmu, ya ce mini, "Ya ƙarin haƙuri?" Na ce na me? Ya dube ni ya rufe baki da hannu. Wata biyu ke nan da binne ta.

Kin ga abin da sallama take. Mu mutanen garinmu ba don ado muke zagaya gidaje kafin tafiya ba. Wanda kika durƙusa wa kika ce za ki tafi wuri kaza, ya ɗaga hannu ya yi miki addu'a, ya ɗauki nauyinki ke nan. Daga ranar ya san inda kike, kuma in wani abu ya taso shi ne zai miƙe. Kin san yadda hanyoyinmu suke a 'yan shekarun nan, ba sai na faɗa ba. Allah ya kiyaye, in motarku ta yi jinkiri, ba Innarki ce za ta je tasha ta tsaya cikin direbobi tana tambaya ba. Ni kuma ina nan, kwana biyu ne tsakanina da ku. Shi ne zai je. Zai je ko kin yi masa sallama ko ba ki yi ba, na san shi. Amma bai kamata ya ji tafiyarki a bakin 'yan tasha ba.

Na ji ya ce kada a bar ki ki tafi, hanya ba kyau, ɗiya mace ita kaɗai a garin da ba dangi. Na san ya ƙona miki rai. Ba ƙin karatunki yake ba. Mutumin da ya taɓa ɗaukar ki a babur kina jijjiga, yana riƙe ki da hannu ɗaya, tsoro yake ji, kuma shi tsoronsa da faɗa yake fitowa. Ni na ce ki tafi, kuma ban janye ba. Za ki tafi, za ki yi karatun, za ki fi 'yan ajinku. Wannan ba na shakkarsa ko kaɗan, na san kan da Allah ya ba ki. Amma ki fita ta ƙofa.

Kada ki yi irin tawa. Sau uku na zo gida tun bayan rasuwar kakarki, kin sani, kuma duka ukun a Gummi na sauka, gidan kakanninki, na aika aka kawo ku. In mota ta iso mararrabar da ake juyawa Anka sai in sunkuyar da kai kamar mai barci. Namiji da furfura a gemu, yana ɓuya wa garinsu. Fita ba sallama minti biyar ta ɗauke ni. Komawa ta gagare ni shekara goma sha huɗu, kuma kowace shekara ƙofar sai ta ƙara nauyi. Ke yau taki ba ta da nauyi, turawa ɗaya ce.

Ga yadda za ki yi. Ki je ranar Alhamis da safe, kafin ya fita gona. Ke kaɗai, kada ki ja Innarki ta yi miki baki. Ki gaida matan gidan tukuna, sannan ki iske shi a zaure. Ki cire takalmi, ki durƙusa sosai, ba irin durƙuson 'yan makaranta na rabin gwiwa ba. Ki ce, "Baffa, na zo sallama. Asabar zan tafi Sakkwato. A yafe mini, a sa mini albarka." Ki gaya masa sunan makarantar da unguwar da take, ki sa a rubuta masa lambar wayarki a takarda ya sa a aljihu. Zai yi gunaguni. Zai ce wa ya aike ki, zai ce 'yan boko ba sa jin magana. Ki bar shi ya ƙare, kanki a ƙasa, kada ki amsa. In ya ƙare zai shiga ɗaki ya fito da guzuri. Ko mene ne, ko ƙuli-ƙuli ne a ƙullin leda, ki karɓa da hannu biyu. Kada ki ce akwai a gida.

Sannan, in ya gama addu'a kun shafa, kada ki tashi. Akwai saƙona. Na so in faɗa masa da bakina, na sha danna lambarsa ina kashewa kafin ta shiga. Ban so in ɗora miki ba, amma ba ni da wani manzo da zai saurara kamar ke.

Ki ce masa, "Baba ya ce in gaya maka, abin da ka faɗa a zaure gaskiya ne. Ya ce maganar da ya yi maka a kan karatu, da fitar da ya yi ba sallama, yana neman gafara. Ya ce in ka yarda, bayan an cire amfanin gona zai zo, kuma a Anka zai sauka, yana so ka kai shi kabarin Inna."

Haka za ki faɗa, kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki gyara mini shi ya yi daɗi. Abin da ya amsa kuma ki kawo mini shi yadda yake. In ya ce in zo, ki ce ya ce in zo. In ya zage ni, ki faɗa mini zagin, na cancanci wanda ya fi shi a wurin Allah. In ya yi shiru, ki ce mini ya yi shiru, ki gaya mini tsawon shirun da inda yake duba. Ranar Alhamis wayata na hannuna tun safe.

Allah ya kai ki Sakkwato lafiya, ya tsare motarku gaba da baya, ya kau da idon mugu daga kanku. Allah ya haɗa ki da malamai masu tsoronsa da abokan zama na kirki, ya buɗe miki abin da za ki karanta, ya sa hannunki ya zama sanadin lafiyar 'ya'yan mutane. Allah ya jiƙan Aminu da kakarki. Ya ba Innarki ladan haƙurin da ta yi da ni. Ya ƙara wa yayana lafiya da nisan kwana, ya sa in iske shi a zaurensa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sambo